BABI NA HUƊU: KOMAWA GIDA, ƊAUKAKA DA ƁAD-DA-KAMA A WAƘOƘIN HOMA DA ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA NA FARKO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a shekarar 1933, da kuma littattafai biyar da aka samu daga gasar, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A wannan babi kuwa za a ɗauki uku daga cikinsu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a aza su kusa da waƙoƙin jarumta guda biyu na tsohuwar ƙasar Girka, Iliyad da Odisi, waɗanda ake danganta su ga mawaƙin nan Homa. Jigogi uku za a bi: komawar tauraro gida bayan doguwar tafiya, da neman suna ko ɗaukaka, da kuma ɓad-da-kama, wato abin da Bahaushe kan kira shigar burtu.

Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa wannan kwatanci ba da'awar aro ba ce. Hanyar da dabarun Ruwan Bagaja suka biyo sananniya ce ga masu nazari, domin an sha nuna tasirin Maƙamat na Hariri, malamin Basra da ya rasu a 1122, a kan littafin. Abin da ake nema a nan shi ne a ga yadda al'ummu biyu da ke nesa da juna suka tunkari tambaya ɗaya: mutumin da ya daɗe ba ya gida, da wace fuska zai dawo, kuma me zai tarar?

4.1 Waƙoƙin Homa a Taƙaice

Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa Iliyad da Odisi sun ɗauki siffar da aka san su da ita ne wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kowacce an kasa ta kashi 24. Iliyad tana da ɗango fiye da 15,000, Odisi kuwa ta ɗan haura 12,000. Asalinsu waƙoƙin baka ne. Milman Parry, wanda ya naɗi muryoyin mawaƙan baka a ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci tsakanin 1933 da 1935, da ɗalibinsa Albert Lord a littafinsa na 1960, sun nuna cewa maimaita laƙabi da jimloli da ake gani a waƙoƙin Homa dabara ce ta mai ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Wanda ya saba sauraron makaɗan fada ko na maza a ƙasar Hausa ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Iliyad ta ba da labarin 'yan makonni ne kawai daga shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka kai wa birnin Turoyi, kuma ta ginu a kan fushin jarumi Akilis. Odisi kuwa labarin Odisiyus ne, sarkin tsibirin Itaka, wanda ya yi shekara goma a fagen yaƙin, ya ƙara wasu goma a hanyar dawowa. Ya taso da jiragen ruwa 12 cike da mutanensa, ya isa gida shi kaɗai. Girkawa suna da kalmomi biyu da waƙoƙin nan ke jujjuyawa a kansu: kleos, wato sunan da mutum ya bari a bakin mawaƙa, da nostos, wato komawa gida lafiya.

4.2 Suna ko Gida

A kashi na 9 na Iliyad, Akilis ya bayyana cewa mahaifiyarsa ta gaya masa hanya biyu ce a gabansa. In ya tsaya a Turoyi zai mutu da ƙuruciya amma sunansa ba zai gushe ba. In ya koma gida zai yi tsawon rai amma ba wanda zai waƙe shi. Ya tsaya, ya kuma mutu. A nan suna da gida kishiyoyi ne, ba a haɗa su a hannu ɗaya. Sai dai Odisi ta sake buɗe maganar. A kashi na 11, da Odisiyus ya sadu da kurwar Akilis a lahirar Girkawa ya yaba masa, sai Akilis ya nuna cewa da ma yana raye yana ƙodago a gonar wani talaka, da ya fi masa sarautar matattu duka. Shi kansa Odisiyus ya yi shekara bakwai a tsibirin aljana Kalifso, ta yi masa tayin rayuwa marar mutuwa in ya zauna da ita, ya ƙi, ya zaɓi tsibirinsa mai duwatsu da matarsa da ta fara manyanta. Ke nan Odisi tana cewa komawa gida ma wani nau'in suna ne.

Idan aka juyo ga Ruwan Bagaja za a ga cewa Alhaji Imam bai bar Kwantagora don neman suna ba. Abin da ya fitar da shi kunya ce. Limamin da ya riƙe shi ya faɗa a fada cewa ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan sarki, aka yi masa dariya aka muzanta shi a bainar jama'a, shi kuwa yaron ya ɗauki alkawarin sai ya nemo ruwan. Saboda haka ɗaukakar da ya fita nema ba tasa ba ce shi kaɗai, wanke fuskar uba ce. Wannan ya sa rikicin da ke tsakanin suna da gida a wurin Akilis ba shi da gurbi a wannan littafi. Ruwan ba shi da wani amfani sai an kawo shi Kwantagora. Da Alhaji Imam ya samu ruwan ya mutu a hanya, da tafiyar shekara 15 ta tashi a banza, da kuma maganar liman ta tabbata shirme a idon fada. A wurinsa, suna ba ya cika sai a gaban mutanen da suka yi dariyar.

Ganɗoki ne ya fi kusa da Akilis a cikin taurarin uku. Mayaƙi ne, kuma littafin cike yake da kirarin da yake yi wa kansa kafin ya afka wa abokan gaba. Kirari a al'adar Hausa aikinsa ɗaya da abin da jaruman Iliyad ke yi idan sun fuskanci juna, inda kowa ke ambaton sunansa da na kakanninsa kafin a ɗaga mashi. Amma akwai bambanci mai muhimmanci. Akilis ba ya tsammanin wani lada bayan mutuwa, shi ya sa waƙa ce kaɗai abin da zai rage masa. Ganɗoki kuwa Musulmi ne da ke ɗaukar yaƙinsa a matsayin jihadi, don haka in ya faɗi a fage yana sa ran shahada. Mutuwa ba ta yi masa ɗacin da ta yi wa Akilis, kuma wannan ne ya sa littafin Bello Kagara, duk da yawan jinin da ke cikinsa, ba shi da baƙin cikin da ya lulluɓe Iliyad.

Shaihu Umar ya tsaya a wani gefe daban. Ɗaukakarsa ta ilimi ce, kuma bai fita nemanta ba, sace shi aka yi yana yaro.

4.3 Ɓad-da-Kama

Wannan jigo ne ya fi ba da abin tattaunawa, domin a nan ne kamanni ya fi yawa, a nan ne kuma bambanci ya fi fitowa fili.

Odisiyus ya yi suna wajen ɓoye kansa. A kashi na 4 an ba da labarin yadda ya yi wa jikinsa rauni da bulala, ya sa tsumma, ya shiga Turoyi kamar mabaraci don leƙen asiri. A kashi na 9, da ya faɗa kogon ƙaton nan mai ido ɗaya, Folifimus, wanda ya riƙa cinye mutanensa, sai ya ce masa sunansa Ba-Kowa. Bayan ya bugar da shi da giya ya tsiyaye masa ido da gungumen da ya ƙona, ƙaton ya yi kururuwa 'yan'uwansa suka zo, da suka ji ya ce Ba-Kowa ne ke cutarsa sai suka watse. Masu karatun Alfu Laila za su tuna da makamancin wannan a tafiyar Sindbad ta uku. To amma abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Da jirgi ya ɗan yi nisa daga gaɓa, Odisiyus ya kasa daurewa, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa da na garinsu. Da wannan suna ƙaton ya kai ƙara ga ubansa Fosaidon, wanda Girkawa ke ɗauka mai iko da teku, kuma wannan ne sanadin wahalar shekarun da suka biyo. Ɓoye suna ya cece shi, son a san shi ne ya yi aikin ya jefa shi a bala'i.

Wannan ɗabi'a ta kasa barin aiki ba sa hannu ita ce ƙashin bayan dangantakar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Tun haɗuwarsu ta farko Alhaji Imam a cikin shigar burtu yake. Ya shiga gari a matsayin babban malami alhali bai iya karatu ba. Da Zurƙe, wanda shi yana da karatun, ya zo zai tona shi, sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, Alhaji ya ce ba harafi ba ne, siffar jinjirin wata ce, jama'a kuwa suka goyi bayan jahilin suka kori malamin. Daga nan aka shiga ramuwar gayya gari bayan gari, kowa na shammatar ɗan'uwansa a cikin wata sabuwar kama. Kuma kusan duk lokacin da ɗaya ya gama da ɗaya, sai ya tsaya ya tuna masa wanene shi da abin da aka yi masa a garin baya. Daɗin ramuwar ba ya cika sai wanda aka rama a kansa ya san daga inda ta fito. A wannan fuska Alhaji Imam da Odisiyus jirgi ɗaya ya kwaso su. Sai dai Imam ya mayar da abin raha. Bayyana suna a Ruwan Bagaja ba ya jawo la'ana, wani zagayen wasa kawai yake buɗewa, har daga baya mutanen biyu suka yi sulhu. Wannan tsari ya fi kama da na Maƙamat, inda mai ba da labari Harisu ɗan Hammam ke ta cin karo da Abu Zaidi na Saruj a cikin kama daban-daban a maƙama 50, ya gane shi a ƙarshe, su rabu, su sake haɗuwa.

Babban bambancin yana wurin da aka yi ɓad-da-kamar. Alhaji Imam a hanya yake sauya kama, a garuruwan da ba a san shi ba. Odisiyus kuwa babbar shigar burtunsa a cikin gidansa ya yi ta. Ya sauka Itaka a kashi na 13, wato rabin waƙar cif yana gaba, kuma kusan duk wannan rabi ya tafi ne a kan yadda zai shiga gidansa. Atina, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, ta mayar da shi tsoho mai tsumma. Dalili kuwa shi ne samari 108 sun mamaye gidan suna neman auren matarsa Fenelofi, suna yanka dabbobinsa, suna kuma ƙulla kashe ɗansa Telemakus. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Bugu da ƙari yana da darasi a gabansa, domin Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya koma gida a bayyane da ganimarsa, matarsa da kwartonta suka kashe shi. Odisi ta maimaita labarin Agamemnon sau da yawa, kamar mai tuna wa tauraronta cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa.

A cikin wannan kama sarki ya zauna a bakin ƙofar zaurensa yana bara, aka jefe shi da matashin ƙafa, aka jefe shi da ƙofaton sa, ya haɗiye. Mutumin da ya kasa riƙe sunansa a gaban Folifimus yanzu ya riƙe shi kwana da kwanaki a gaban masu zaginsa. Wannan ne ci gaban halin tauraro a waƙar, kuma shi ne abin da Ruwan Bagaja ba shi da shi. Alhaji Imam na shafin ƙarshe ya fi na farko dukiya da girma, amma da wuya a ce tafiyar ta sauya halinsa. Ba aibi ba ne ga littafin da aka gina don nishaɗi, amma ya kamata a faɗe shi.

Tsumman Odisiyus kuma ma'auni ne. Da shi ya gane wanda ya riƙe amana da wanda ya ci ta. Makiyayin aladunsa Yumayus ya karɓe shi ya ba shi abinci da mayafi ba tare da ya san ko wanene ba, wani makiyayin awaki kuwa ya shure shi. Girkawa sun ɗauki baƙo da mabaraci a matsayin mutanen da Ziyus ke kāre wa, don haka wulaƙanta su laifi ne babba, kuma da wannan laifi waƙar ta halatta kisan da aka yi wa manema auren. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, ga tatsuniyoyi nan da yawa inda tsohuwa mai ƙazanta a bakin rafi ke gwada 'yan mata biyu, ta saka wa mai ladabi ta hukunta marar kunya.

Sai kuma maganar shaida. Wanda ya ɓad da kama dole ya zo da alamar da za ta tabbatar da shi. Odisi ta jera su daki-daki: tsohon karensa Argos ya gane shi ya kaɗa wutsiya ya mutu, tsohuwar da ta yi renonsa ta gane tabon da gadu ya yi masa a cinya tana wanke masa ƙafa, bakansa da ba wanda ya iya ɗana shi ya ɗana ya harba kibiya ta ratsa gatura 12, mahaifinsa Layatis kuma bai yarda ba sai da ya lissafa masa itatuwan da ya ba shi yana yaro. A adabin Hausa, misalin da ya fi kusa da wannan ba a littattafan 1934 yake ba, a labarin Bayajida yake. Baƙo ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya yanke kan ya ɓoye. Da gari ya waye wasu suka yi da'awar su suka yi aikin, aka ce su kawo kai suka kasa, sai baƙon ya fito da shi. Tsarin ɗaya ne: jarumin da ba a sani ba, masu da'awar ƙarya, gwaji, alama, sannan aure da sarauta. Amma Bayajida ba gida ya dawo ba. Ya baro Bagadaza, ya bi ta Borno da Gaya, bai kuma koma ba. Abin sha'awa ne a ce labarin da Hausawa suka ɗauka na asalinsu labarin zuwa ne, ba na komawa ba.

Ganɗoki kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Mutumin da ke shelar sunansa da kirari tun daga nesa ba shi da abin yi da tsumman bara.

4.4 Wanda ke Jira a Gida

Albert Lord ya lura cewa waƙoƙin dawowar jarumi kan bi matakai biyar: rashin jarumi, ɓarnar da ke biyo baya, dawowarsa, ramuwa, sannan aure. Odisi ta cika su duka. Ruwan Bagaja ya cika wasu, domin Alhaji Imam ya dawo ya warkar da ɗan sarki ya kuma ɗauki fansar mahaifinsa a kan Saƙimu, sai dai ɓarnar Saƙimu ta riga tafiyar, ba tafiyar ce ta haifar da ita ba. Matakin da babu shi ko kaɗan a littattafan uku shi ne na matar da ke jira.

Fenelofi ta yi shekara 20 ba miji. Ta yaudari manemanta shekara uku da saƙar likkafanin surukinta, tana saƙawa da rana tana warwarewa da dare. Ko bayan an kashe su ba ta miƙa wuya ba sai da ta gwada mijin da sirrin gadonsu, wanda ya sassaƙa a jikin kututturen zaitun mai rai, ta yadda ba ya ɗaguwa. A littattafan Hausa kuwa uwa ce a wannan gurbi. Za a iya kawo dalilai biyu. Na farko kunya: littattafan nan an yi su ne don 'yan makaranta, kuma malamin 1933 ba zai rubuta sirrin gadon miji da mata ya miƙa wa ɗalibansa ba. Na biyu shari'a: a mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace tana da damar kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata shekara huɗu, in ba a ji ɗuriyarsa ba ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma ta yi aure. Jiran shekara 20 ba wajibi ba ne a kanta, danginta ma ba za su zuba ido ba. Wannan ba tsohon zance ba ne. A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba a rasa gidan da maigida ya tafi neman kuɗi Kudu ko Saudiyya ko Libiya aka daina jin labarinsa, kuma irin wannan magana takan ƙare ne a gaban alƙali. Igiyar aure tana iya tsinkewa, ta haihuwa ba ta tsinkewa, saboda haka marubucin da ke son wanda zai jira tauraronsa shekara 15 uwa zai ɗauka.

Shaihu Umar ya kai wannan jigo inda ya fi taɓa zuciya. Mahaifiyar Umar ba ta zauna jira ba, ta fita neman ɗanta, wato ta ɗauki aikin da Telemakus ya yi a kashi huɗu na farkon Odisi. A hanya ita ma aka bautar da ita, aka ƙetara Sahara da ita, kuma ba ta sadu da ɗan nata ba sai a Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwar. Mahaifiyar Odisiyus ma baƙin cikin rashinsa ne ya kashe ta, kurwarta kawai ya gani. Umar ya dawo ƙasar Hausa, amma a Rauta ya zauna yana karantarwa, ba a Kagara inda aka haife shi ba. Ya dawo ƙasa, bai dawo gida ba, domin wadda ta sa wurin ya zama gida tana kabari a wani gefen hamada.

4.5 Gidan da ya Sauya: Ganɗoki

Littattafan uku sun yi tarayya a wani tsari: tauraro ne ke ba da labarinsa da bakinsa bayan ya riga ya dawo. Alhaji Imam yana gidansa a Kwantagora yana gaya wa Koje Sarkin Labari, Umar yana gaban almajiransa, Ganɗoki kuma ya tsufa yana ba yara labari. Mai karatu ya san tun shafin farko cewa an dawo lafiya. Odisiyus ma ya ba da labarin yawonsa da bakinsa daga kashi na 9 zuwa na 12, amma a fadar wani sarki, kafin ya isa gida, lokacin da ba a san yadda za ta kaya ba. Wannan ya sa komawa gida a littattafan Hausa ta zama shimfiɗar da ake zama a kai a ba da labari, ba matsalar da labarin zai warware ba.

Duk da haka a Ganɗoki akwai matsala, ko da marubucin bai tsaya a kanta ba. Kashin farko na littafin tarihi ne. Turawa sun ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, sannan aka yi yaƙin Burmi a ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu. Ganɗoki, baraden Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, yana cikin waɗanda aka ci da yaƙi. Odisiyus ya baro birnin da ya ƙone da hannunsa, Ganɗoki kuwa nasa birnin aka ci. In za a nema masa takwara a Iliyad, a cikin mutanen Turoyi za a same shi, ba a cikin Girkawa ba. Daga nan labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar aljanu, inda shi da ɗansa Garba Gagare suka yi ta cin nasarar da ta gagara a gida. Za a iya karanta wannan kashi na biyu a matsayin diyya: takobin da bindiga mai ruwa ta mayar abin banza a Burmi, an kai shi inda har yanzu yake da kaifi.

Da ya dawo, manema auren sun riga sun zauna a zaure, kuma babu bakan da zai ɗana. Ya tarar mulkin Turawa ya kafu, yaƙi ya ƙare, yara suna zuwa makarantar boko. Matakin ramuwa, wanda shi ne ƙololuwar Odisi, babu shi, kuma ba zai yiwu a same shi ba a littafin da hukumar gwamnatin mulkin mallaka ta tace ta buga. Wasu kan ɗauki wannan ƙarshe a matsayin miƙa wuya ga Turawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, an haife shi a 1890, yana ɗan shekara 11 ke nan lokacin da aka ci Kwantagora, saɓanin ƙanensa Abubakar Imam da aka haifa a 1911 bayan ƙura ta lafa. Wa da ƙane sun fitar da taurarinsu daga gari ɗaya, na ƙanen ya dawo ya tarar da sarki da fada da liman kamar yadda ya bar su, na wan ya dawo ya tarar da duniyar da ba ta bukatar sana'arsa. Shi kansa marubucin malamin makarantar Turawa ne a Katsina lokacin da yake rubuta kirarin mutumin da ya yaƙe su, kuma yawan shafukan da ya ba wa yaƙe-yaƙen, idan aka gwada da 'yan kaɗan da ya ba wa sabon zamani, yana nuna inda alƙalaminsa ya fi sakewa.

Har ila yau, dawowar Ganɗoki ita kanta ƙage ce a kan abin da ya faru ga da yawa daga cikin takwarorinsa na gaskiya. Waɗanda suka tsira daga Burmi suka ci gaba zuwa gabas a ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, kuma zuriyarsu tana can har yau.